Ragon Wane Ne?

A Antwerp, a saman shagon agogo,
kawuna Anshel ya cinye shekara talatin
a kan ayoyin da ba su cika shafi ba.
Malamin falsafa ne. Hular ibadarsa
a aljihu take kwana, wai ta fi jin ɗumi a can.

Ya rubuta shafi ɗari huɗu
kan kwana ukun da Ibrahim ya yi tafe da Ishaƙu,
itace a bayan yaro, wuƙa a hannun uba.
Ya ce Attaura ta yi shiru a nan
don mu ne za mu cike gurbin,
ya ce tsoro ne ƙofar 'yanci.
Ɗalibai suka kwashe a littafi,
aka gayyace shi Jamus, ya je, bai ci abincinsu ba.

Ƙasa kuwa babana Fayvel,
gilashi maƙale a ido ɗaya,
bai taɓa karanta ko babi guda ba.
Daren Asabar, kifi na huce a faranti,
sai ya ce: Anshel, ragon nan fa,
wanda ƙaho ya sarƙe masa a kurmi,
na wane ne?
Ai akwai makiyayin da ya ƙirga da yamma
ya ga ɗaya babu.
Wa ya biya shi?

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Tambayar 'yan kasuwa, in ji shi.
Baba ya gutsuri burodi, ya dangwali gishiri.
Ba wanda ya ambaci kakata Tsirel
da aka sa a jirgin ƙasa da jaka ɗaya,
aka duba kurmi, babu rago.

Baba ya rasu cikin sanyi.
Agogon shago suka tsaya ɗaya bayan ɗaya,
na bango ne ya fi taurin kai, ya kai kwana takwas.

Ni nake buga wa kawu rubutunsa yanzu,
idonsa ya yi rauni.
Jiya ya sa na soke babi na shida gaba ɗaya.
Na ce me zan sa a gurbinsa?
Ya daɗe yana laluben aljihu,
ya ciro hular, bai sa ba, ya riƙe ta kawai.

Rubuta, ya ce:
wani mutum yana kan tudu har yanzu,
duhu ya yi, yana ƙirga.