Motar da Ba Ta Gaisuwa

Shekara ashirin da bakwai ina murza sitiyari
tsakanin Kubwa da Berger,
na iya harshen titi:
ƙifta fitila sau ɗaya, wuce ɗan'uwa,
sau biyu, akwai masu kaki a gaba,
hannu ta taga a sassauce, yi haƙuri,
yatsu biyar a ware kuwa, kowa ya san fassara.

Jiya da safe a mahaɗar Mabushi
wata fara ta tsaya gefena.
Na leƙa in haɗa ido da direba,
in roƙi taku ɗaya na kwalta.
Kujera na gani wayam, sitiyari na juya kansa,
a baya wata ma'aikaciya na barci, jaka a cinya,
a sama wata 'yar hula tana wulwulawa
kamar mai neman wanda ya kira sunanta.

Na ɗaga mata hannu duk da haka.
Sabo turken wawa.

Sallau bakanike ya ce hira suke da juna,
ta Gwarimpa na gaya wa ta Wuse
inda rami yake, inda ruwa ya ci hanya,
babu hon, babu ashar.
Na ce, gulma ke nan ba baki.
Mu da muka tsufa a kan kwaltar nan
wa ya sa mu a zancen?

Da la'asar ana yayyafi,
kaina na lissafin balas ɗin mai mota,
dubu nawa saura, mai nawa ya rage,
sai farar gabana ta ƙame.
Uku a gefe suka ƙame tare da ita
kamar sahu ya ji kabbara.
Na taka birki don ta taka.
Hannu ya riga ya kai hon,
zagi ya riga ya hau harshe,

sai yaro ya ɓullo ta gaban tayarta,
lemo biyu a ƙirji,
saura na gangarawa cikin kwata.

Ni ban gan shi ba.
Wallahi ban gan shi ba.

Kande mai tire ta zo a guje, zani a hannu,
ta rungume shi, ta make shi, ta sake rungumewa.
Ta zaɓi lemo uku masu kyau,
ta je tagar farar ta tsaya.
Ta ƙwanƙwasa. Babu hannun karɓa.
Danja ta ba da kore, motar ta ja abinta,
Kande ta waiwayo, ni ta gani.
Allah ya saka, direba.

Na karɓa.
Ban ce mata ba ni ba ne.

Suna nan kusa da giya har yanzu,
na kasa ɓarewa, na kasa bayarwa.
Yau da asuba da zan tada mota
na yi bisimilla sau biyu,
ɗaya tawa,
ɗaya ta wadda ba wanda ya yi mata.