Kaurin Gashi Biyu

Garejin babana a Choteau, tsakiyar Nuwamba.
Iskar duwatsun Montana na dukan ƙyauren kwano.
Hita ɗaya, kujera mai ƙafa uku,
da gwangwanin kofi cike da kwanson harsashi
wanda Orval Tvedt ya bar mini gado,
haɗe da motar da ba ta tashi sai an tura.

Na ɗauki kwanso, na shafa masa mai,
na danna shi cikin mazubi, na zare.
Na sa a bindigata. Sakata ta ƙi sauka.
Na buga da tafin hannu, ta tsaya cak
kamar doki ya ga gadar da bai yarda da ita ba.

Na ce, ni za a nuna wa taurin kai?
Na murɗa mazubin ƙasa, juyi guda cur,
na matse kafaɗar tagullar har ta saduda.
Sakata ta rufe salin alin.
Na tafa wa kaina, ni kaɗai a gareji.

Murna ta koma ciki bayan makonni uku.
A bayan gonar Haugen na harba, na ja sakata,
gindin kwanso kawai ya faɗo kan ƙanƙara,
sauran ya maƙale can ciki.
Wani zafi ya lashi kumatuna, ya wuce.
Na daɗe zaune a dusa ina ƙirga yatsuna.

Merle Haugen bai yi mini faɗa ba.
Ya lanƙwasa bakin siririyar waya,
ya zura cikin wani kwanson, yana karce a hankali,
kansa a karkace kamar mai sauraron ƙirji.
Ya ce, riƙe nan, Arlys. Kin ji?
Na ji. Wani ɗan kwari, zobe a ɓoye
inda tagulla ta miƙe har ta sirance.
Ya ce, fili kika ba ta da yawa.
Kowane harbi sai ta yi miƙa ta cike gurbin,
kina matsewa, tana miƙa, har ta tsinke.
Kuma waɗannan a bindigar ubanki aka harba su.
Surar cikinta suka ɗauka. Taki ta fi ƙunci.

Ban ce komai ba.
Shekara talatin muna haka da Orval:
ko mu matse juna har ƙofa ta ƙi rufuwa,
ko mu bar tazarar da mota ke kwana biyu a hanya.

Daren nan na kunna kyandir,
na turara kafaɗar kwanso har ta yi baƙi wuluk.
In murɗa kaɗan, in danna, in zare, in duba.
Baƙin na nan. In ƙara kaɗan.
Kofi ya huce. Karen maƙwabta ya gaji da haushi.
Can wajen ƙarfe ɗaya
wani siririn haske ya fito a jikin baƙin,
alamar mazubi ya taɓa, bai danne ba.
Ma'auni ya ce kaurin gashi, ko biyu.

Na sa a bindiga.
Sakata ta sauka da ɗan nauyi,
irin na hannun da aka ɗora a kafaɗa.

Masu zobe goma sha tara na zuba a bokitin shara.
Na ashirin yana aljihun kwat ɗina,
yana karo da makullin motar.