Dubu Goma Sha Biyu

Dubu goma sha biyu aka ƙirga mini
a ofishin Malama Uwani, ranar Talata,
kuɗin iyaye ne, wasu a yage,
wasu da ƙanshin daddawa a jikinsu.
Ta ce, "Barau, abin da ya samu ke nan,
damina tana bakin ƙofa, ka san halin aji uku."
Na ce, "Da babu gara ba daɗi."
Ta ce, "Garar ma tana cikin katako, ka hanzarta."

Daga Tudun Jukun na taka har Tudun Wada
don in rage na mota.
A Sabon Gari, Obinna ya jera mini sababbi
suna walƙiya kamar haƙorin Makka.
Na taya guduma, ya faɗi kuɗi,
sai na ji kamar ita ya sauke mini a ƙeya.

Na zaga layin 'yan gwanjo.
Tsoho Nadabo yana gyangyaɗi a kan tarin ƙarafa,
na tono kan guduma marar ƙota,
ƙota ai reshen marke ne da wuƙa da yamma guda.
Filaya ta yi tsatsa, ta ƙi buɗe baki,
ya ce, "Ɗiga mata baƙin mai, za ta yi magana."
Sukudireba biyu, ɗaya ta karkace kaɗan.
Ƙusa rabin kilo, da ƙusar kwano mai hula.
Tocila 'yar ƙarama.

Tasta kaɗai na koma na saya sabuwa,
ban nemi ragi ba.
Bara na ga yadda makunnin aji biyar
ya yi jifa da Zulai har gindin allo,
kwana uku hannunta bai riƙe biro ba.

Zarto na shafa, na ajiye.
Kafinta Ɗanlami zai ara mini idan ya tashi da fara'a.
Tsani akwai a masallaci.
Ɗari uku suka rage: mota da ruwan leda.

Na zuba su a tsohuwar jakar ɗana,
zif ya mutu, na ɗaure da kyauron roba.

Asabar, makaranta shiru, sai ƙadangaru.
Na bi benci benci ina kwantar da kan ƙusa,
masu cin wando da cinyar yara.
Na ɗaure tagar da ke lilo da ƙyaure guda.
Na haska silin, jemagu suka yi mini tsaki.
Na hau rufi, na danne kwano bakwai,
sauran na ba su haƙuri.

A bayan aji uku na ga tsaga,
siririya, kamar zaren da ya zame daga allura.
Babu abin da ke jakata da zai yi mata.
Na tsinci guntun alli a ƙasa,
na ja layi inda ta tsaya, na rubuta kwanan wata.
Laraba ta wuce layin da yatsa biyu.
Na sake ja.
Litinin yatsana ya shige ciki har gaɓa.

Muka kwashe yara hamsin da takwas zuwa gindin mangwaro.
Malam Iliyasu ya yi ta mita,
wai tsuntsaye na sa masa hannu a rajista.
Wani uba ya zo ya ce ina kuɗinmu,
mun biya gyara, an mai da 'ya'yanmu waje.
Na buɗe masa jaka, ya duba, ya tafi bai gamsu ba.

Ruwan ya zo daren Alhamis, daga wajen Kufena.
Da asuba maigadi ya buga mini waya.
Bango ya kwanta a kan benci huɗu na baya,
inda su Zulai suke zama da, inda ƙannensu suke zama yanzu.

Na tsaya, ƙafata cikin taɓo.
Malama Uwani ta iso, takalmi a hannu,
ba ta ce komai ba, ta daɗe.
Can ta ce, "Rasit fa? Kwamiti zai tambaya."

Na miƙa mata takarda, ta jiƙe a gefe.
Guduma, filaya, ƙusa, tasta, tocila.
Allin ba ya ciki.
Yana aljihuna, ya rage kamar ƙwayar gyaɗa,
kuma akwai wata tsaga a ɗakin ajiya.