Kalmar da Ta Mutu a Ƙamus

A Tashar Dukku na saye shi, gun mai tsofaffin littattafai,
ƙamus ba bango, gara ta cinye shafukan farko,
naira ɗari uku, bayan dogon ciniki.
Shekara talatin ina koyar da Turanci a Bajoga
ban taɓa cin karo da ita ba sai daren jiya,
da aka ɗauke wuta, na duƙa da tocila a baki.

Kalma ce ta rashin sa'a. Sun sa mata alama a gaba,
ɗan gicciye, irin na kan kabarinsu,
wai ba mai furta ta yanzu, ko a can garinsu.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka ƙara:
masu duban sama da ita suke kiran Zuhalu, babba,
Mirrihu kuma, ƙarama.

Tocila ta suɓuce mini.
Ai wannan zancen Baffa ne!
Modibbo Hammajoda na Nafaɗa,
wanda bai taɓa taka ƙofar aji ba,
zaune kan buzu bayan lisha, wuya a miƙe:
"Nahisa babba, nahisa ƙarama,"
yana nuna su da carbi
kamar mai nuna maƙwabtan da ba a rance a gunsu.
Wancan mai nauyin ƙafa ne, ga riƙo,
ya shekara a ƙofarka bai ce uffan ba.
Wannan jan kuwa ɗan zafin kai,
ya mare ka ya wuce.

A gidanmu ba a aski ran Asabar.
Ba a wasa wuƙa ran Talata.
Da yayana Jalo ya tashi kai auduga Gombe,
Baffa ya ƙirga, ya share, ya sake ƙirgawa,
ya ce a bari babbar ta kauce daga hanya.
Jalo ya yi dariya ya ɗare bayan motar kaya.
Ya dawo da rediyo, da turmin atamfar Inna,
da kumatu.

Ranar da Gongola ta ɗauke shi Alhamis ce,
ta Mushtari, mai farin jini,
Baffa da kansa ya zaɓe ta don ƙetarar da shanu.
Ruwan bai wuce ƙugu ba, in ji waɗanda suka gani.
Shanun duk sun haye.

Bai ƙona takardunsa ba.
Ya ɗaure su da igiyar rama ya cusa a rufin soro.
Yana dai fita da dare, amma carbin ya daina nuni.
In an zo neman ranar tafiya, ko ta aza tubali,
sai ya ce, "Duk na Allah ne. Je ka."

Yanzu ina tunanin Baturen da ya faɗe ta na ƙarshe.
Me ya rasa? Jirgin ruwa? Ɗa?
Ko shi ma taurari sun ba shi rana
ranar ta ci amanarsa?
Kalma ta kwanta dama, abin da take nufi
yana nan da ƙafarsa, ya sake riga kawai.

Da safe na tambayi jikata Dija ko ta san nahisa.
Ta ce, "Ƙanwar Nafisa ce?"
Na ce a'a. Na so in yi bayani, na fasa.

Yau ma ba wuta. Na fito tsakar gida.
Sau goma Baffa ya nuna mini Zuhalu,
ga shi na kasa ware shi daga sauran.
Na tsaya har wuyana ya gaji,
na koma na sa tsinken tsintsiya a shafin,
na rufe.