Abin da Ingolf Bai Ji Ba

Da asubar Talata muka bar Thyborøn,
ni da Ingolf, ƙanin mahaifina,
a jirginsa mai warin dizal da tsohon gishiri.
Ya ce, "Solvej, me za ki saurara a ruwa?
Kifi ba ya magana."

Fankokin suna tsaye a tsakiyar teku,
farare, kowanne da ƙafa ɗaya kamar zalɓe,
suna yanka iska su aika wa gari haske.
Da wutarsu na dafa gahawar da ke hannuna.
Ban manta ba.

Muka kashe inji.
Na zura makirufo da igiya, gaba goma sha biyu,
na kasa kunne.
Sai ga shi:
diri.
Ba tsawa ba, ba ganga ba,
gurnanin ƙarfe ne
wanda ba ya tsayawa ko haɗiyar yawu.

A kwalbata akwai jaririn kifi,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Ana hango ruwa ta cikin jikinsa.
Idanu biyu, sai 'yar tsakuwa a cikin kai
da yake auna duniya da ita.
Ba uwa, ba mai cewa bi nan.
Da ji yake laluben gida:
motsin ƙaguwa a kan dutse,
rairayi yana shafar rairayi.
Yanzu baƙo ya cika masa ɗaki da surutu.
Zai guje shi?
Zai bi shi, ya ɗauka gari ne?
Littafina bai sani ba tukuna,
shafi talatin, rabi alamar tambaya.

Na ɗora wa Ingolf abin sauraren.
Ya lumshe ido, ya daɗe.
"Shiru," in ji shi.
Shekara arba'in da ɗaya a gefen inji
sun cinye kunnen hagu, sun gutsiri na dama.

Ya tsuguna zai ɗaure igiya,
tafinsa ya sauka a ƙashin jirgin.
Ya tsaya cak.
Na ga dirin ya hau hannunsa,
ya wuce gwiwa, ya isa haƙora.
Ya janye hannun, ya goge a wando,
ya dubi kwalbar.

"Ni na ɗauke nawa," ya ce.
"Shi da me zai ɗauke?"

A hanyar gida bai taɓa tuƙi a hankali haka ba.
Kwalbar tana cinyarsa,
naɗe cikin hular ulun da ya cire,
sanyi kuwa yana cin kansa.