Lissafin Dare a Guayaquil

Ƙarfe biyu saura, fanka na ta juyi,
kogin Guayas na tura ciyayi zuwa teku,
ni kuwa na baje takardu a teburin girki
ina auna kaina kamar mai sayen zinariya
da bai yarda da sikeli ba.

Makarantar kasuwanci ce a Barcelona.
Dubu tara suka ƙwanƙwasa bara,
ɗari takwas aka buɗe wa.
Na raba, na sake rabawa a bayan rasitin ayaba:
cikin sha ɗaya, mutum ɗaya.
Sauran goman fa, ina suka nufa?

Makina a jarrabawa ɗari shida da tamanin.
Na waɗanda aka ɗauka, ɗari bakwai da goma.
Talatin ke nan. 'Yar rata,
irin wadda ke tsakanin jirgi da gaɓa
ranar da na ga ɗan dako ya zame.

Turancina na ajin yamma ne,
yana tafiya, amma da ɗingishi.
Digirina na jami'ar gwamnati,
mai ɗakin karatu da ke yoyo da damina.
Shekaruna talatin da ɗaya,
an ce sun fi son icce tun yana ɗanye.

Wilmer ƙanena ya leƙo yana hamma:
"Maritza, masu shiga can 'yan banki ne,
sun yi aiki a London,
sun hau duwatsun ƙanƙara don tara wa marayu kuɗi.
Ke me kika taɓa hawa?"
Na ce, tsanin kwantena.

Fom ya ce in ba da labarin jagoranci
a kalma ɗari uku.
Ta ina zan kama?
Daren da injin sanyi ya mutu a tashar ruwa,
kwali dubu da tamanin suna shirin nuna,
maigida Don Efraín na asibiti da bututu a hanci.
Direba bakwai na kira.
Biyu suka zage ni, ɗaya bai ɗauka ba,
huɗu suka zo.
Kafin ƙararrawar coci ta farko
na karyar da kayan a babbar kasuwa,
asara ta tsaya a ɗaya cikin biyar,
ba a sallami kowa daga aiki ba.
Na dawo gida takalmina na warin ɓawo.
To wannan maki nawa ne?
Jadawalina ba shi da gurbinsa.

Don Efraín ya rubuta mini wasiƙar shaida,
layi shida cur.
Ya ce ba ta makara, ba ta ƙarya,
kuma taurin kai gare ta.
Na roƙe shi ya goge na ƙarshen.
Ya ce shi ne zai sa su karanta sauran.

In ma an ɗauke ni, ga kuɗin a tsaye.
Gidan mahaifiyata, har da mangwaron tsakar gida,
bai kai rabinsa ba.
Tallafi kuwa wani layi ne
a bayan wannan layin.

Na ba kaina ashirin cikin ɗari.
Na tuna tashar ruwa, na mai da shi talatin.
Na tuna hira da Turanci, na sauko sha biyar.
Biro ya huda takarda.

Shekara takwas ina tura ayaba Turai.
Kore shar ake yanke ta,
a rufe ta kwana ashirin cikin duhu da sanyi,
ba mai ba ka tabbacin yadda za ta sauka.
Ban taɓa hana jirgi tashi don haka ba.

Na cire kalma goma sha biyu daga labarin,
na bar zagin direbobin.
Na biya kuɗin fom da katin Wilmer,
zan faɗa masa da safe.
Na danna.

Fanka na ta juyi.
Ƙarfe shida akwai kwantena uku a ƙofa ta huɗu,
kuma ɗaya, in ban manta ba,
ma'aunin sanyinta na ƙarya.