Zurfin Yatsa

A Naraguta, bayan tsohon ramin kuza,
inda ƙasa ta yi ja kamar an ɗaye mata fata,
Baba Dung ya ba ni leda ɗari uku
da gwangwani huɗu na iri,
ya ce, "Lantana, cika ki shuka,"
ya hau kekensa, ya tafi jana'iza Bukuru.

Ni kuwa adalci na yi.
Kowace ƙwaya raminta, zurfin yatsa,
ban fifita kowa ba:
kawo, baƙi wuluk da jar hularsa,
atili mai ƙashi kamar dutsen Shere,
ɗorawa,
da irin turare, wanda in ka yi atishawa
ka watsar da daji guda.

Kwana tara kawo ya ture ƙasa da ƙeya,
ya fito a sunkuye kamar ɗan dako,
da kunnuwa biyu masu kauri,
yana ci daga cikinsu yana miƙewa.
Ɗorawa rabi ta zo, rabi ta ƙi.
Layin turare shiru.
Na ba shi ruwa da safe, na ba shi da yamma,
sanyin Jos yana cizon yatsuna,
shiru.

Da Baba ya dawo sai ya tsuguna,
ya tona leda ɗaya da tsinke.
Ga shi nan, fari, siriri kamar gashin jariri.
Ashe ya tsiro. Ashe ya taso, ya nufo haske,
guzuri ya yanke masa
saura kaurin farce ya iso.

Bai yi mini faɗa ba.
Ya ce, "Wanda uwa ta ɗaure wa babban ƙunshi,
binne shi, zai haƙo kansa.
Wannan ba a ba shi komai ba sai suna.
Barbaɗa shi ake kamar gishiri a miya,
a yafa masa yashi kaɗan."

Na tuna ranar da na sauka Farar Gada
da ɗari biyu a bakin zane.
Na tuna Sallau, ƙanena,
da ya nufi Ikko da abin da bai kai haka ba.
Damina huɗu ke nan, ba mu ji ya ɓullo ba.

Na sake shuka, a sama-sama.
Kwana shida faranti ya yi kore shar,
dubu a tafin hannu,
ɗigon ruwa ɗaya na kwantar da goma,
tururuwa na kwasar rabonta,
saura suna nan, suna rawar sanyi.

Atili fa?
Yau kwana arba'in.
Na ce ya ruɓe, Baba ya ce yana kwance ne,
mai kaya da yawa ba ya saurin fita gida.
Kullum da asuba, kafin in ɗauki bokiti,
nakan durƙusa a layinsa
in duba ko ƙasa ta tsage.